Takwarata Mai Ɗigo Bakwai

A nan Saveh, garin rumman a ƙasar Farisa,
kafshduzak muke ce mata,
wato ƙaramar badukiya.
Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗinkin takalmi
ban taɓa ganin ta da basilla ba.
Sai da idona ya dushe, na rufe shago,
na koma lambun da Baba ya bari,
sannan na sami lokacin duba takwarata.

Ba ta kai ƙwayar wake ba.
Jar fata ce a bayanta, jimar gwani,
an tsaga ta biyu, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya,
an buga ƙusa bakwai baƙaƙe:
uku nan, uku can,
ta bakwai ta hau kan ɗinkin ta zauna.
Duk wanda ya yi wannan aiki
bai bar zare a waje ba.

Golnar, jikata, ita ce idona yanzu.
Takan juya ganye ta ce, "Kaka, ga ƙwai,
rawaya, a tsaitsaye, sha tara."
Kwana biyar sai ta zo da gudu:
"Wasu munanan abubuwa sun fito,
kamar 'ya'yan kada, masu ƙaya a gadon baya!
In kashe?"
Na ce kul.
Mummunan nan shi ne zai zama kyakkyawar,
kuma ya fi uwarsa ci.

Darɓa ta lulluɓe tohon rumman, tana tsotso,
tururuwa na kiwon ta kamar shanu,
tana tatsar zaƙi, tana gadin garke.
Sai ga takwarata ta hauro reshe, ba sallama.
Tururuwa ta kai cizo,
ita kuwa ta janye ƙafa, ta kife kamar ƙwarya.
Cija mana.
Da mai gadi ya gaji ya wuce
ta ɗora daga inda ta tsaya,
hamsin kafin rana ta faɗi.

Ɗana Bahman ya zo da tankin feshi a baya.
Muka yi ta yi har shayi ya huce.
Ya ce, "Ƙwaro ne zai biya bashin banki?"
Na ce ba ni mako biyu.
Ya ba ni, yana ƙunƙuni.
Ban ce ta cinye duka ba, kada in yi ƙarya,
layin bakin rijiya sai da aka fesa.

Ranar da ta fito daga kwanson barcinta
Golnar ta ce ba ita ba ce:
fara-fara, laushi, ba ɗigo ko ɗaya.
Muka zauna. Kafin la'asar
ɗigon suka taso a hankali
kamar mai yana ratsa sabuwar fata.

Taɓa ta ka gani.
Sai ta faɗi rigingine, wai ta mutu,
ta bar maka rawayan ruwa daga gwiwa,
mai ɗaci, mai wari,
tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa.
In ta ga dama kuma ta hau yatsa har ƙarshe,
ta buɗe jar fatar,
ashe fiffike ne a ninke a ƙasa, siriri kamar ɓawon albasa.
Shi ke nan, ta tafi.

Da aka tsinke rumman, sanyi ya sauko,
aka ce sun haura duwatsu
su dunƙule a tsagar dutse har dusar ƙanƙara ta narke.
Ba duka ba.
A rumfar kayan aikina akwai wani warin takalmi,
na Ezzat ne, matata,
ƙafar hagu, ban gama ba ta rasu.
Jiya Golnar ta ɗauko shi za ta kakkaɓe,
ta leƙa ciki, ta yi tsit.
"Kaka, sun cika shi. Barci suke yi."

Na ce mayar da shi yadda yake,
bakin yana kallon bango.
Ja ƙofar a hankali.